Adireshin Ɗakin da Aka Tashi

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya gwiwar? Ina fata shafa maganin kake yi, ba ajiyarsa a kan taga ba.

Baba, kaina ya ɗaure. A asibitin da suka ɗauke ni gwajin wata uku, an sa ni rubuta ɗan sashen manhajar da ke shiga rumbun bayanai ya nemo sakamakon awon marasa lafiya. Ba ya miƙo sakamakon hannu da hannu. Ajiye shi yake a wani gurbi cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, sai ya dawo da manuni, wato adireshin gurbin. Kai da ka shekara talatin kana raba wasiƙu, ka fi ni sanin adireshi.

A teburina lafiya lau yake aiki. Amma jiya takarda ta fito wa wani dattijo mai furfura wai yana da cikin wata biyu. Ma'aikatan jinya suka yi ta dariya. Da awon suga ne ya sauya haka, wa zai lura? Na bi adireshin ya fi sau ashirin, daidai yake, amma abin da ke ciki na wani ne. Shugabarmu ta ce in ban gano ba kafin ƙarshen wata, in nemi wani wurin. Ka sa ni a addu'a.

'Yarka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, amsarka ta iso jiya, a buɗe. Wata tela ce ta kawo mini har asibiti. Sai da ta karanta addu'arka rabi, tana cewa amin, kafin ta gane ba tata ba ce.

Ban san ta inda zan fara ba. Na tashi daga ɗakin da ka kama mini kusa da Gwaggo tun sati uku da suka wuce, na koma kusa da aiki. Tsoron faɗanka ya sa na ci gaba da rubuta maka tsohon adireshin. Telar ce a ɗakin yanzu.

Ina riƙe da ambulan ɗin wasiƙar sai na gane. Abin da manhajata ke yi ke nan! Sashen yana gama aiki sai ya saki gurbin, sakamakon wani ya shige ciki, adireshin kuwa yana nan. A teburina ni kaɗai ke tambaya, shi ya sa ba mai shiga. Yanzu na sa mai tambaya ya kawo gurbinsa a zuba masa. Awo ɗari biyar sun fito daidai.

Shugabar ta duba, ta ce to, ta wuce. Ban san me to ɗin ke nufi ba, kuma ban san wanne ya fi hana ni sukuni ba, ita ko kai. Ka yafe mini, Baba. Sabon adireshin na bayan takardar nan, kuma wannan karon ina ciki.

'Yarka mai jin kunyarka,
Auta