Kaskon Inna

Ushafa, daren Laraba, daminar 1968

Har yanzu haushi nake ji.

Tun da maciji ya sari Inna aka yanke mata ƙafa, ba ta sake taɓa yumɓu ba. Mu nan mace zagaya tukunya take yi in tana gini, to mai ƙafa ɗaya ta yaya za ta zagaya? Wuni take a gindin rumbu tana kallon kaji.

Yau na ɗora mata yumɓu a tsohon kasko, na ce ta zauna, ni zan riƙa juya kaskon, tukunyar ta zagaya. Da farko ta ƙi. Can sai ga hannunta ya kama aiki, har tana yi mini faɗa wai ina juyawa kamar mai tuƙa tuwo. Rabona da jin faɗanta tun kafin asibiti. Wallahi daɗi na ji.

Sai ga Kawu da doya a hannu. "Ke, ba ki da kunya? So kike a ce mun kasa ciyar da gurguwa?" Ya ɗauke kaskon ya wurgar bayan danga. Wai shi nan tausayi ne!

Doyarsa tana nan inda ya ajiye ta, ni dai ba zan dafa ba.

Ɗazu na je rage mata fitila, na ga ba ta wanke hannu ba, yumɓun ya bushe a yatsunta. Ta ce, "Gobe ki nemo kasko mai faɗi. Wancan dama ya yi mini kaɗan."