Taswirar Baba a Ƙofar Gida

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Anti da yara, ya zafin Legas? Mu nan Hayin Banki lafiya lau, alhamdu lillahi.

Godiya zan yi maka a kan Baba. Tun rasuwar Inna ko ƙofar gida ba ya zama. Amma tun da ya dawo daga wajenka, kullum bayan la'asar sai ya fita da sandarsa ya zana wa abokansa a ƙasa taswirar unguwar bakin tekun da ka kai shi: ga ruwa ta kudu, ga gidajen hutu, ga inda kwalekwale ke sauke mutane tunda mota ba ta zuwa. Wai da can bukkokin masunta ne kawai, sai Turawa suka jera duwatsu saboda jiragen ruwa, yashi ya taru.

Shekaranjiya ya ce musu kullum ruwan sai ya cika ya janye, har ya tafi masa da takalmi yana salla. Liman ya ce, "Haba Alhaji, ruwa ya cika ba damina?" Aka kaure da musu. Ina kicin na jiyo dariyar Baba, Yaya. Sai da na ajiye ludayi na share hawaye.

Allah ya saka maka da alheri. Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. Baba ya ce kada a saya masa wani takalmin, da kansa zai koma ya karɓo abinsa.

Ƙanwarka