Kogin Asibi a Bayan Gida

Illo, 14 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Ma'azu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta iyali, ina fata damina ta same ku lafiya a Kaduna. Mu nan sai godiya.

Kada ka ɗauka na huce. Har gobe ina tuna ranar da Baturen ruwa ya ce lissafina kuskure ne, kana tsaye kusa da ni, ka san daidai nake, ka sunkuyar da kai kana kallon takalminka. Kai aka tura ƙaro ilimi, ni aka sallama. Tun muna makarantar Midil a Sakkwato ni nake warware maka lissafi. Yau kana da ofis da mota, ni kuwa mutanen Illo suna kirana Injiniya, sannan su kau da kai su yi dariya. Na taɓa rantsewa ba zan nemi komai a wurinka ba. Yau zan karya rantsuwar, in yi kaffara, don ba buƙatar kaina ba ce.

Ɗiyata Jummai ta rasu bara. Ta bar yarinya, Asibi, wadda shan inna ya kama ƙafafunta duka biyu. Ubanta ɗan kasuwa ne a Kandi, can ƙasar Dahome. Ya bar mana ita zuwa girbin shinkafa, sannan ya zo ya ɗauki abarsa. Haƙƙinsa ne, ba ni da ta cewa.

Ka san wasan da yara ke yi a gangaren tafki in an yi ruwa, su kwaɓe laka ta yi santsi, su zauna a sama su sulalo har cikin ruwa. Ina goya Asibi in kai ta gindin giginya ta yi kallo. Ba ta taɓa kuka ba, ba ta taɓa cewa a kai ta ba. Idonta kawai ke bin kowane yaro daga sama har ƙasa, kafaɗunta suna motsi kamar ita ce. Ba zan iya sa ta a gangaren ba, don ƙarshensa zurfi ne, ita kuma ba ta da ƙafar iyo.

Saboda haka na yi mata nata a bayan gida. Na samo tsohon jirgin ruwa da ya tsage a wurin wani masunci cikin Sarkawa, na sare gindinsa, na goge cikinsa da yashi da man kaɗe har hannu na zamewa a kai. Na tara tudun ƙasa, na jingina jirgin a kai, na haƙa ɗan kududdufi a ƙasa wanda ruwansa ba zai wuce cibiyarta ba. Kubura, matata, ta ce a riƙa kwara ruwa da ƙwarya, a huta. Mun gwada da buhun ƙaiƙayi maimakon yarinyar. Ruwan ƙwarya kan wuce a guje, ya bar itace busasshe a tsakiya, buhun ya cije ya kife. Fatar ƙafarta ba za ta jure haka ba. Ita ma da bakinta ta ce ba ta son ruwan wanka, kogi take so, wanda ba ya tsayawa.

Ina da famfon hannu na Ingila da na gyara, yana bakin rijiya, yana jan ruwa sarai. Abin da na rasa tiyo ne da zai kai ruwan kan tudu, da mahaɗin tagulla mai haƙora da zai ɗaure tiyon a bakin famfo. Inci ɗaya da rabi. Na duba Bagudo, na duba Zagga, ba wanda ya taɓa ganin irinsa. A wurinku kuwa, can ma'aikatar ruwa, zube suke.

Ka aiko kafin shinkafa ta nuna. Ina gaishe da mutanen gidanka.

Naka,
Bunyaminu Sodangi

Illo, 25 ga Satumba, 1960

Ma'azu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya iyali, yaya hidima? Na ji a rediyon kantin Gidaɗo cewa kuna ta shirin bikin samun mulkin kai, ana fenti, ana ɗinkin tuta. Na san shi ya hana ka amsa. Na ba ka wannan uzurin, ko da yake kai ba ka taɓa nemansa ba.

Da na ji shiru sai na tsallaka. Na bi ta Lolo na shiga Dahome, har kasuwar Malanbil. A da in za ka je can, ɗaukar sandarka kawai kake yi. Yanzu sun samu nasu mulkin, akwai rumfa da ɗan sanda da tambayoyi. Amma na samu tiyo, Ma'azu. Baƙi ne, mai kauri, yana ƙamshin sabuwar roba, ga mahaɗinsa na tagulla yana ƙyalli. Na gwada da ido, na gwada da yatsa, na ce shi ne. A jirgin dawowa na nannaɗe shi a kafaɗa, matan Dandawa suna matsawa gefe wai maciji na ɗauko. Ni ko ban ma ji su sosai ba. Ina kallon kogi, ina ganin ruwa yana gangarowa cikin tsohon jirgin nan siriri kamar gilashi, Asibi a kai, hannuwanta a buɗe, ƙafafun da suka ƙi ɗaukarta suna gaba, su ne za su fara isa.

Da na iso gida sai mahaɗin ya ƙi shiga. Ya kama haƙori ɗaya, na biyu ya cije. Awon Faransa ne, famfona kuwa awon Ingila. Bambancin bai kai kaurin farce ba. Mu da mutanen tsallake harshenmu ɗaya, muna auren juna, ruwa ɗaya muke sha, amma ƙarfensu da namu ba sa gaisawa. Ni da na karanta wannan a littafi tun ina saurayi, murna ta sa na manta.

Ban haƙura ba. Na yanka tsohuwar robar keke, na naɗe bakin, na ɗaure da waya. Na zaunar da Asibi a kan turmi ta ga aikin kakanta. Kubura ta kama hannun famfo. Ruwa ya shiga tiyon, ina jin tafiyarsa a ƙarƙashin tafina kamar abu mai rai, ya hau, ya hau, ya kusa kan tudu, sai ɗaurin ya ɓalle. Duk ruwan ya dawo fuskata, hulata ta faɗa rijiya. Asibi ta yi dariya har ta zamo daga kan turmi. Ta ce Injiniya ya riga ta wanka, ta ce in ni ne mijin da aka ba ta to ta fasa, gara ta auri agwagwa. Tun rasuwar uwarta ban ji dariyarta haka ba.

Yanzu kullum da hantsi sai ta ce in ɗora ta a kan tudu. Takan zauna a bakin jirgin, busasshe, ina riƙe da ita ta baya. Takan rufe ido ta riƙa ba ni labarin inda kogin ke kai ta. Jiya ta wuce Yawuri, ta ga dorina tana wanke 'ya'yanta. Ta ce gobe za ta kai teku, ta tambaye ni ko teku na da gangare.

Shinkafa ta fara fitar da kai. Tiyo ya samu, ka huta da wannan. Mahaɗin kaɗai ya rage, awon Ingila, abin da zai shiga aljihun rigarka. Ban taɓa roƙonka sau biyu ba sai yau.

A gaishe da yara.

Bunyaminu

Illo, 18 ga Disamba, 1960

Ma'azu,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyar gida. Allah ya sa kun gama bukukuwanku lafiya.

Saƙonka ya iso shekaranjiya a hannun direban motar Bagudo. Na ga takardarka, na ga bayanin cewa motocinku duk suna wajen hidima, kai ma ba ka zauna ba. Na ga kuma layin neman gafara da ka ƙara a ƙasa game da ranar Baturen ruwa. Da ya zo tun da daɗewa, da na san abin da zan yi da shi.

Mahaɗin daidai ne. Ya shiga kamar a bakin famfon aka haife shi, ko ɗigo bai zubar ba. Kubura ta ja hannun famfo, ruwa ya hau tudu, ya bazu cikin jirgin, ya gangaro shiru, bai tsaya ba. Yadda na gan shi a kan kogi ranar nan, haka ya fito. Na sa buhun ƙaiƙayi, ya sulalo lafiya lau har kududdufi. Muka tsaya muna kallo, ni da ita, har hannunta ya gaji. Agwagin maƙwabta sun gano wurin, tun jiya suna ciki.

Uban Asibi ya zo tun farkon wata, ana cikin sussuka. Mutumin kirki ne, ya kawo goro da atamfa, ya yi godiya. Na roƙe shi ya ƙara mana kwanaki, ya ce hanya da takardun iyaka ba sa jira, sabuwar matarsa kuma tana can ta gyara wa yarinya ɗaki. Da zai ɗauke ta, ta ce a bi da ita ta bayan gida. Ta shafa bakin jirgin, ta ce in kogin ya zo in gaya masa ta jira shi, shi ne bai zo ba.

Na tambayi uban ko akwai kogi a unguwarsu. Ya ce rijiya ce, mai zurfi, an rufe ta da murfi.

Na gode da mahaɗin. Kada ka aiko da komai kuma. Asibi ta tafi ba ta sulalo ko sau ɗaya ba.

Wassalam,
Bunyaminu Sodangi