Launin da Ya Tsaya a Japan

Assaí, Paraná
20 ga Oktoba, 1996

Zuwa ga ƙanena Tadao,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da fatan wannan takarda za ta same ku kai da matarka Célia cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara muku ƙarfin jiki, ya sa sanyin da ke shirin shigo muku ya zo da sauƙi, ya raba ka da ciwon bayan nan da Célia ta ce yana hana ka sunkuyawa. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, an fara shukar waken soya, bishiyar jabuticaba ta bayan gida ta yi 'ya'ya har a jikin kututturenta, maigidana Geraldo kuwa ya sha har cikinsa ya ɓaci, yana ta ɗora wa ruwan famfo laifi. Mama tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai take taɓa ta idan hadari ya haɗu. 'Yarka Tiemi ma lafiyarta ƙalau, ta yi tsawo har ta wuce ni. A kanta na zauna rubuta maka, kuma ka yi haƙuri, raina a ɓace yake, ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Ka san yadda garin nan ya koma tun da kuka fara tafiya aikin masana'anta. Duk wanda zai dawo daga Japan, akwatinsa ba nasa ba ne shi kaɗai, rabin unguwa na da saƙo a ciki. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda yara suka mayar da akwatin nan ma'aunin soyayyar iyayensu. A aji ina jin su: wane ubansa ya aiko da agogo, wance kuwa tawul kawai aka aiko mata, to an manta da ita ke nan. Don haka da labari ya bazu cewa Seu Kubota, maƙwabcinmu, yana tafe da na'urar wasan bidiyo daga hannunka, irin wadda kake cusawa a kwali kullum a wurin aikinka, Tiemi ta daina taka ƙasa. Ta goge teburin talabijin, ta sake gogewa. Ta gayyaci 'yan ajinsu, su kuma suka gayyato ƙannensu.

Ranar Lahadi bayan an ci abincin rana, falonmu ya cika har taga. Geraldo ya naɗe hannun riga kamar mai shirin yi wa wani tiyata, ya jona wayoyi, ya kunna. Kiɗa ya tashi, yara suka yi ihu. Sai hoto ya fito fari da baƙi, Tadao. Fari da baƙi, kamar talabijin ɗin marigayi Baba. Geraldo ya murɗa wannan, ya bugi gefen akwatin, ya ce wai zafi take ɗauka, yanzu launin zai zo. Bai zo ba. Wani yaro daga taga ya ce kai Tiemi, ashe babanki gem ɗin zamanin kakarki ya aiko miki, wani kuma ya ce a'a, sabuwa ce, launin ne 'yan kwastan suka riƙe a filin jirgi. Aka fashe da dariya. Ka manta, ko kuwa ba ka taɓa sani ba, cewa talabijin ɗinmu da naku ba su tsara launi iri ɗaya. Na'urar da aka yi domin can, idan ta zo nan, a haka take fitowa.

Rubutun ma duk da Japananci yake, kuma a cikin cincirindon jikokin Japanawan nan babu mai iya karanta ko layi ɗaya. Sai da aka ɗauko Mama daga kicin, aka zaunar da ita gaban talabijin da tabarau. Ita ce take faɗa musu nan aka ce fara, nan aka ce zaɓi takobi. Idan aka kashe ɗan mutumin da ke cikin wasan kuwa, ba ta yarda ta ambaci mutuwa a cikin gida, sai ta ce wai ya tafi hutu. Yanzu duk makarantar, wanda ya faɗi jarrabawata sai a ce ya tafi hutu. Ni ma na yi dariya a ranar, ba zan ɓoye maka ba. Tiemi ce ba ta yi ba. Da kowa ya watse ta naɗe wayoyin a hankali, ta ce mini Tia, goggona, kin gani ko, har launin ma sai wanda ya je can ake ba.

A wannan hali ka same ta da ka bugo waya. Ban san me ya hau kanka ba. Maimakon ka lallashe ta, sai ka ce mata wai ta daina kuka a kan abin wasa, a can yarinya kamarta idan ta yi aikin 'yan kwanaki za ta sayi sabuwa fil da kuɗinta, in tana so ma ta taho, akwai gurbi a layinku. Wataƙila da wasa ka faɗa. Ita ba da wasa ta ji ba. Kafin mako ya zagayo, sai ga Ademir, dillalin nan mai kwasar ma'aikata zuwa Japan, a ƙofar gidana da takalmi mai ƙyalli, yana kirana Farfesa, yana cewa ai yarinya ta kai sha shida, karatu ba ya guduwa, yen, kuɗin Japan, kuwa ba ya jira. Na ce masa ƙofar da ya shigo ma ba ta guduwa, ya bi ta. Amma Tiemi ta riga ta sauko da akwati daga saman kabad, ta ce ba za ta koma makaranta bayan hutun Disamba ba.

Yarinyar da ta fi kowa a ajin kimiyyata ke nan. Shekaru na yi ina koyarwa ban samu mai irin kanta ba, mai tambayar da sai na koma gida na buɗe littafi kafin in amsa. Ita ce za ta ajiye karatu saura shekara guda ta gama, ta tafi ta tsaya kan ƙafa daga safe har yamma tana liƙe kwali, har bayanta ya zama irin naka. Saboda me? Saboda akwatin roba.

Yanzu bari in zo kan kamfanin naku, tunda na ji ka a waya kana kare su kamar kai ka haife su. Na shiga birnin Londrina da ƙafata, na tsaya gaban shagon da ke sayar da irin wadda aka yi domin ƙasarmu, mai launi, mai takardar bayani da harshenmu. Da na ga farashin sai na ɗauka talabijin ɗin da take kai ma yana ciki. Yaron shagon ya ce a'a Dona, uwargida, na'urar ce kawai, kaset ɗin wasan ma daban ake saya, amma kada in damu, ana iya biya kaɗan-kaɗan har shekara. Na ce masa ni malamar makarantar gwamnati ce, sai ya yi murmushi ya ce to ai kallo kyauta ne. Albashina na watanni ba zai ɗauko ta ba, ni da na yi jami'a. Ina ga mai tsinkar auduga?

Ka ce wai laifin haraji ne. Na sani, kuma fushina da mutanen gwamnati na Brasília ma yana nan, ban yafe musu ba. Amma haraji a kan farashin da kamfani ya yanka ake ɗora shi, kuma wanda ya yanka farashin ya san sarai abin da ake biyan ma'aikaci a nan. Ka ce wai ba sa cin riba a na'urar, a kaset suke ci. To wannan ai hujjata ce ka miƙo mini. In a kaset abincinsu yake, me ya hana su sauke na'urar ta shiga gidaje da yawa, su sayar da kaset ɗin da yawa? Abin da suka jawo shi ne duk ƙarshen mako motoci na cika zuwa iyakar Paraguay, ana dawowa da na bayan fage da kaset na jabu, su kuma ko sisi ba ya isa aljihunsu. Sun yi asara, mun yi asara, mai fasa-ƙwauri ya gina bene. Ko ɗan aji ɗaya na ba wannan lissafin zai gane.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne talla. Sun san hanyar gidajenmu sarai idan za su cusa wa yara kwaɗayi. Daidai lokacin shirin yara suke sako ta, da harshenmu, da yaro mai kama da namu yana tsalle. Harshenmu ya ishe su wajen talla, amma albashinmu bai ishe su kallo ba wajen farashi. Kana koya wa yaro kullum cewa ga abin daɗi, sannan ka nuna masa ba a ƙasarsa ake samu ba, me kake tsammani zai yanke? Kujeru nawa ne suka zama wayam a ajina cikin shekarun nan? Ba na cewa na'urar wasa ce kaɗai ta kwashe su, amma ita ce abin da ɗan shekara sha biyar yake iya gani da ido ya ce can ya fi nan. Don haka amsata, in wani babba a wurinku ya taɓa tambaya, ita ce e, su rage farashin, kuma tun jiya ya kamata.

To ga yadda muka ƙare. Akwai mai gyara a Londrina da ke juya irin waɗannan na'urori su ba da launi, amma ta jikan Seu Kubota da aka kai masa, gawarta ce ta dawo. Na ce wa Tiemi ba zan hana ta tafiya da ƙarfi ba, abu ɗaya nake roƙo: kafin ta tafi ta faɗa mini dalilin da ya sa launin ya ɓace, don ban saba barin ɗalibata ta fita da tambaya a baki ba. Ta ce Tia, wayo za ki yi mini. Na ce ƙwarai kuwa. Ta yi kwana biyu tana kumbura, rana ta uku na tarar da ita da mujallun lantarkin da ke ɗakin karatun makarantarmu. Muka riƙa tsayawa bayan an tashi, ina zana mata yadda hoto ke tafiya a waya, tana gardama da ni. Ita da kanta ta gano cewa akwai wani ɗan abu a ciki, bai fi ƙwayar wake ba, wanda ke ba launi ƙa'idarsa, kuma irin namu yana nan cikin matattun talabijin da ke jibge a bayan shagon gyaran rediyo.

Asabar ɗin da ta wuce ta kwance na'urar a kan teburin cin abinci. Geraldo ya kasa kallo, ya fita tsakar gida yana cewa gumin Tadao za su soya. Mama ta zauna gefe tana riƙe mata fitila, tana faɗin idan ta tafi hutu kada wanda ya ce ita ce. Tiemi kuwa ko a jikinta. Ta narkar da dalma, ta cire wancan, ta dasa wannan, ta ƙara 'yan wayoyin da ta zana a takarda, ta mayar da murfi. Da ta kunna, Tadao, sararin sama shuɗi, ciyawa kore shar, ɗan mutumin ashe jar riga ce da shi duk kwanakin nan. Mama ta tafa hannu ta ce ashe yaron kyakkyawa ne. Yaron da ya yi mata tsiyar kwastan, shi ne na farko da ya zo washegari rungume da tasu na'urar a cikin tawul, yana cewa Injiniya a taimaka. Ta ce masa ya bi layi, kwastan ba ta buɗe ba tukuna.

Ademir ya sake dawowa ranar Talata. Tiemi da kanta ta fita ta same shi, ta ce ya ba wani gurbin, tana da jarrabawar shiga jami'a a gabanta, kuma in ta je Japan wata rana, ba kwalin za ta je liƙewa ba, abin da ke cikin kwalin za ta je ƙerawa, ta kuma yanka masa farashin da malamarta za ta iya saya. Akwatin ya koma saman kabad.

Saura abu ɗaya, kuma a hannunka yake. Tana tsoron ka ɗauka kai ta ƙi. Shekarun nan da ba ta gan ka ba, wannan ne karo na farko da ka ce mata taho, ita kuma ta ce a'a, abin yana cin ta ko da ba ta faɗa. Na san kewarta ce ta sa ka faɗi abin da ka faɗa, ni ma ban manta wanda yake tura kuɗin maganin Mama ba. Amma ranar da za ka bugo waya, kada in ji ka ambaci gurbi ko layi. Ka ce mata ta yi daidai. Ka faɗa da bakinka, a fili, ba irin gunagunin nan naka da mutum zai yi ta lalube ba.

Ka gaida Célia da kyau, ka ce mata kayan miyar da ta roƙa suna tafe a akwatin ɗan Dona Harumi ta unguwarmu, da zai taho wurinku. Geraldo yana gaisuwa, ya ce a faɗa maka tun farko shi ya san za ta gyaru. Seu Kubota yana gaisuwa. Mama ta ce ka riƙa sa rigar ciki mai kauri, kuma ka aiko da kaset wanda ba a yawan tafiya hutu a cikinsa.

Na sako maka hoto a cikin ambulan: Tiemi a gaban talabijin, da ƙarfen dalma a hannu. Na biya kuɗin wanki mai tsada don ka ga launin da idonka. Ka liƙa shi a inda kake tsayawa aiki.

Taka har kullum,
Yayarka Neusa