Tudun Ƙasa a Gindin Lemo

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Kana lafiya? Yaya Hajiya da yara, yaya ƙafar taka? Mu nan Omdurman sai godiya.

Ranar Asabar na haye kogi zuwa unguwar Alshajara don duba gidan hayarmu, karo na farko tun da harbe-harben yaƙin nan suka lafa, saboda wani malamin makaranta yana son shiga. An kwashe tagogi da wayar wuta, wannan bai ba ni mamaki ba. Amma a gindin lemon nan na tarar da tudun ƙasa, an kafa bulo ta kai da ta ƙafa. Ka san lokacin da maƙabarta ta gagari zuwa, a tsakar gida aka riƙa binne mutane.

Wayar Adamu ɗan hayarmu ba ta shiga, maƙwabta kuma duk baƙi ne. Na ce malamin ya dakata. In sanar da hukuma a tone ba da sanin dangi ba? Tsoro nake ji.

Yaya, tudun bai kai tsawon babba ba. Ka tuna Maryama, 'yar Adamu mai kawo mana ruwa in mun je?

Ka gai da kowa. Ku sa mu a addu'a, ku haɗa da wanda ke kwance a can.

Ƙanwarka,
Halima