Ramiro Ya Waiwayo

Tucson, Maris 1996

Zuwa ga Yayata Consuelo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar Mama? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, kar ki yi dariya, ƙanwarki ta fara hawan keke bayan ta haura arba'in. Ramiro ne ya sayo min, mai faɗin taya, irin na hawan duwatsu. Kin san tun da ya shiga ƙungiyar 'yan keken nan na daina ganin mijina ranar Asabar. Na yi mita har na gaji. Rannan sai ya ce, "To taso mu je tare, gimbiya, in ba kya tsoron ƙura."

Ya kai ni wata hanya a yammacin gari da aka yi domin masu koyo. Ba tudu ba gangara, sai yashi da tsakuwa, tana ta lanƙwasa tsakanin saguwaro, dogayen itatuwan nan masu ƙaya. Na sha ƙasa har na daina jin kunya. Shi da kansa ya tsuguna yana cire min ƙaya daga ƙauri da matajin kansa, yana cewa, "Buhun wake ma ya fi ki iya zama a kan sirdi." Rabon da mu yi dariya haka tun kafin yara su bar gida.

Ki gaida Mama.

Ƙanwarki,
Ofelia

Tucson, Yuni 1996

Yaya,

Ina gaishe ki, ina fatan kowa lafiya. Ki yi haƙuri da munin rubutun, da hagu nake yi.

Na san kin ji haushi da na kife waya jiya. Amma kin kira ni ne da labarin Ramiro a bakinki, wai na yi fushi na juya ni kaɗai na ɓata, kika ce in daina rigima in koma ɗakina. Ba ki tambaye ni komai ba. To ga nawa.

Ran nan abokansa biyu suka biyo mu, Dwight da Nacho. Mariƙin gorar ruwa na kekena ya karye, sai Ramiro ya sa ruwana a jakarsa. Da muka iso mararraba, inda hanyar masu koyo take yin hagu, ta ƙwararru kuma ta haura dutse, Dwight ya ce, "Ramiro, yau keke ka zo hawa ko rainon madam?" Suka kwashe da dariya. Ramiro ya ce, "Wa ya ce maka? Ai ta ƙware." Na ce masa ina tsoro. Ya ce, "Kar ki ba ni kunya mana."

Na bi su ta hanyar ƙwararrun. A wata gangara da ta faɗa busasshen rafi tayar gaba ta daki dutse. Na ji ƙarar hannuna kafin in ji zafin. Na ƙwala masa kira. Ya riga ya haye ɗaya gefen. Ya tsaya, ya sauke ƙafa, ya waiwayo. Yaya, mun haɗa ido. Abokansa na ihu daga gaba, "Ina kake, tsoho?" Sai ya ɗaga min hannu, ya mayar da ƙafarsa, ya wuce da ruwana a bayansa.

Na ja jiki ƙarƙashin wata 'yar bishiya. Na ce a raina mota ya je ɗaukowa. Rana ta take, harshena ya yi nauyi, gumi ma ya daina fito min, ni kuwa ina ta nema masa uzuri. Daga baya na tashi na bi rafin ƙasa, ina rungume da hannu, har na ɓulla hanyar masu koyo. Nan wasu tsofaffin mata uku a kan keke suka tsince ni. Babbarsu, Lorraine, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce, "'Yar nan, wa ya bar ki a nan?" Na ce mijina na dawowa. Ta dubi 'yan'uwanta, ta kafa min gora a baki.

A wurin ajiye motoci muka tarar da shi zaune a bayan a-kori-kura da abokansa, suna cin burito, naɗin burodi da wake. Da Nacho ya gan ni, abincin ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, "Kai! Ba kai ka ce ta gaji ta koma shagon bakin titi shan lemo ba?" Ramiro ya ce, "Ai ta saba faɗuwa, na ɗauka raki ne." Ke kuma ya gaya miki bai ma ga faɗuwata ba.

Ina gidan 'yata Lupita. Likita ya ce ƙashi biyu ne suka karye. Kada a gaya wa Mama tukuna.

Ofelia

Tucson, Nuwamba 1996

Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Na sami wasiƙarki, na kuma yafe miki. Shekara ashirin da wani abu kina kallon Ramiro a matsayin ƙane, ni ma ban fi ki saninsa ba.

Hannu ya warke. Zafin gari ya ragu, ina fita da su Lorraine duk Laraba. A wurinsu ba a wuce mararraba sai ta ƙarshe ta iso, yawanci kuwa ni ce.

Kin tambaya ko ba zai yiwu bai ga halin da nake ciki ba. Ni ma tambayar ta hana ni sakat. Yana ta zuwa gidan Lupita da furanni, yana rantsuwa wurin da nisa, rana kuma ta kashe masa ido. Wallahi na so ya zama gaskiya, Yaya. Har na fara haɗa kayana in koma wurinsa.

Shekaranjiya na roƙi Lorraine ta raka ni wurin da ƙafa, daidai sa'ar da abin ya faru. Ta sauka cikin rafin ta zauna inda na faɗi. Ni na hau na tsaya inda ya tsaya, na waiwaya. Ina addu'a kar in ga komai.

Na ga igiyar takalminta. Na ga zoben hannunta. Ta ce, "Kina ji na?" a hankali, kamar muna hira a kicin, na kuwa ji ta sarai.

Na kwance kayan da na haɗa. Zan zo garinmu Magdalena da Kirsimeti ni kaɗai, ni zan gaya wa Mama da bakina. Ki gyara min ƙaramin ɗakin.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Ofelia