Zanin Goyon Doreen

Litinin, 6 ga Maris, 2023
Mama Lai'atu, uwar mijina Azariya, ta iso daga Kwoi don wankan jaririyata Doreen. Ruwan zafi, soso, miƙar da hannu da ƙafa, yadda ta yi wa sauran jikoki. Ta ɗaga soson, sai ga fatar Doreen a jikinsa. Ihun da na yi har maƙwabta suka shigo.

Alhamis, 9 ga Maris
Jos. Likita ya ce akwai sunadarai masu manne fatar sama da ta ƙasa, kamar gam. Na Doreen ba sa kamawa. Gado ne, daga ni da Azariya. Babu magani, sai lallaɓawa. Kada a goge ta, kada a ɗaga ta ta hammata, kada a goya ta. Ni malamar bayoloji, na sha zana ƙwayoyin nan a allo ina hamma!

Asabar, 11 ga Maris
Har yau ban yi wa Mama magana ba. Na san ba laifinta ba ne. Sani daban, zuciya daban.

Lahadi, 26 ga Maris
Matan zumunta na coci sun zo da addu'a da sabulu. Kowa na miƙo hannu, “Kawo ta mu gani.” Na zama kare a bakin gado. Wata ta ce a binciki zuriyarmu. Ta ci albarkacin Lahadi.

Alhamis, 13 ga Afrilu
Mama ta ciro zanin da ta goya Azariya da shi, ya sha wanki har ya yi laushi. “Yarinya da ba a goya ba, yaya zai san bayan uwan shi?” Na ce ta bar ni. Amma in ba kowa, nakan goya filo da shi.
Bororo ya fito wa Doreen a baki. Ba ta iya kama nono. Ina jin tsoro ƙwarai.

Talata, 2 ga Mayu
Bandejin kemis na gurje Doreen. Likita ya ce a sami tsohon ƙyalle mai laushi, a tafasa, a naɗa a kan basilin. Duk gidan nan babu kamar zanin. Na miƙa wa Mama almakashi, ta ce, “Ke dai yanka, 'yata.” Na yanka. Muka naɗe Doreen tare, ita ƙafa, ni hannu. Hannunta ya fi nawa natsuwa.
To, zanin dai yana jikinta. Na mayar da filon kan gado.